Tsumman da Ya Kama Sili Biyar

Tsani mafi tsawo da ka taɓa hawa, matakinsa nawa ne? Na san ba ka ƙirga ba, yawancin mutane ba sa ƙirgawa. Na wurin aikinmu arba'in da biyu ne, a miƙe cak jikin bango, kuma mijin yayata ya shekara ashirin da tara yana hawansa, aƙalla sau biyu a rana. Na taɓa zama na buga lissafi, na samu mataki dubu ɗari shida da tamanin da 'yan kai. Na ce masa da a jere aka ɗora su, da tuni ya wuce gajimare. Ya ce, "Da kuwa na huta da surutunka."

Kamfaninmu kwanon rufi yake yi. Ƙarfen a naɗe yake zuwa, shi ya sa muke ce masa gammo, sai dai kowane gammo ɗaya tan bakwai ne zuwa takwas. Abin da ke ɗauke shi daga kan tirela ya kai shi bakin inji shi ne ƙugiyar sama. Doguwar gada ce ta ƙarfe mai tafiya a kan dogo biyu can ƙarƙashin rufi, tana ɗauke da inji, da gangar da igiyar ƙarfe ke naɗewa a kanta, da ƙugiyar tana reto a ƙasa. Muna da irinta uku, da ƙanana masu sarƙa goma sha ɗaya. Ni nake tuƙa ta tsakiya, mai ɗaukar tan goma, ina tsaye a ƙasa da akwatin madannai a hannu. Shi kuma mijin Yaya shi ne mai duba su duka da gyara su.

A kamfani Tsaya ake ce masa. Sabbin ma'aikata har sukan ɗauka sunansa ne na yanka. Kalmar ce ba ta barin bakinsa. Ka ɗaura kaya za ka ɗaga, "Tsaya." Ka ga an yi latti kana so ka yi sauri, "Tsaya." Wata ranar Laraba na ƙirga masa guda talatin da bakwai kafin a tashi cin abinci.

Da walda ya fara. Lokacin da ya zo neman Yaya ina firamare, abin da na fi tunawa shi ne bai yarda ya zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa ba sai da ya gaya wa babanmu cewa ƙyauren gidan da ƙusa biyu yake rataye, alhali ramukan huɗu ne. Washegari ya dawo da ƙusa biyun. Babanmu ya ce wannan ko bai iya hira ba, rufi ba zai faɗo wa 'yarsa ba. Daga walda aka ɗauke shi ya gyara wani tsagewa a jikin gadar ƙugiya ta ɗaya, ya hau, ya ga yadda kamfani yake daga sama, bai sake son aikin ƙasa ba.

Yana da ɗabi'u da kowa ya haddace. Ba ya taka tsani sai ya kashe wutar ƙugiyar ya danna wa makunnin wani jan kwaɗo, makullin kuma a zare yake a wuyansa, cikin riga. Ba a ba wa kowa, ko Manaja. Idan ya taɓa birki, ba ya yarda da shi sai an ɗaga gammo taƙi ɗaya daga ƙasa, ya ja layi da alli a jikin sandar da ya kafa a gefe, mu tsaya minti goma cur muna kallon kaya a rataye. In ya sauka ko da kaurin layin allin ne, sai ya koma sama. A shekara goma sha ɗaya da na yi ina tuƙi a ƙarƙashinsa, ko ƙusa ba ta taɓa faɗowa daga ƙugiyar ba.

Gidansu ɗaki biyu ne da falo, da tsakar gida da ba ta fi taku tara ba. Amma lilon da ya rataya wa jikokinsa biyu a can zai iya ɗaukar saniya. Igiyar shanyar Yaya waya ce, a miƙe kamar an ja da ma'auni. Yaya takan ce, "Ni dai na auri mutumin da ko labule ba ya bari a rataya sai ya gwada ƙusar." Tana faɗa tana murmushi. Sun aurar da 'ya'ya biyu, saura Auta da ke karatun jinya.

Autar ce ta fara lura. Ta ga Babanta yana miƙa hannu can nesa kafin ya karanta saƙo a waya. Ta ja shi asibiti da ƙyar, aka auna, aka ba shi tabarau. Ya kawo shi gida ya sa a aljihun tebur, a ƙarƙashin tsofaffin makullai. Wata goma sha huɗu tabarau na kwance a wurin.

"Malam, ka sa abin nan mana," in ji Yaya.

"Na teloli ne da tsofaffi."

"Kai a wane layi kake?"

"Ni daga sama nake hango ƙusa a ƙasa. Tambayi ƙaninki."

Gaskiya ne, na nesa yana gani fiye da ni. Na kusa ne ya fara gudunsa, kuma igiyar ƙugiya da kusa ake duba ta. Igiyarmu tufka shida ce, kowace tufka sili talatin da shida, sili ɗari biyu da goma sha shida ke nan, kowanne bai kai kaurin tsinken ashana ba. Ba lokaci ɗaya igiya take tsinkewa ba. Sili ɗaya ne yake karyewa yau, wani bayan mako uku, har ranar da sauran za su gaji. Ƙa'idar kamfaninmu, in aka samu sili huɗu a karye a tufka ɗaya kusa da juna, igiyar ta gama aiki.

Wata Litinin da safe tirela huɗu suka kwana a bakin ƙofa, gammo goma sha biyu. Tsaya ya danna kwaɗonsa ya hau, ya duba birki da tayoyi da igiyar da ke kan ganga. Ya sauko ya buɗe wuta, na sauke masa ƙugiya har ƙasa, ya sake kashewa, ya bi ragowar igiyar da tocila. Sannan ya je wurin katin da ke rataye a gindin tsani ya rubuta "lafiya", ya sa hannu, ƙarfe bakwai da minti arba'in.

Har ya juya zai buɗe mini wuta, sai ya hango wani curin giris a jikin igiyar, kamu ɗaya sama da ƙugiya. Giris in ya ɗiga a kan gammo yakan ɓata kwano. Ya zaro tsumma daga aljihun baya, ya kama igiyar da shi, ya shafo ƙasa.

Tsumman ya maƙale.

Ya ja a hankali, zare ya biyo. Ya kai fuska kusa, ya ja da baya, ya sake kaiwa kusa. Sai ya ce, a hankali ba kamar yadda ya saba ba, "Tsaya." Ni kuwa ban ma motsa ba.

"Ƙanin mata, zo ka ƙirga mini nan."

Shekara goma sha ɗaya yana mini dariyar ƙirga. Ranar ce ya fara roƙona. Na goge wurin na duba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Sili biyar, a tufka ɗaya, cikin tsawon da bai wuce tafin hannu ba, kawunansu sun ɗan ɗago kamar gemun kwana biyu.

"Biyar," na ce.

"Nan na haska da tocila yanzun nan."

"Giris ne ya rufe."

"Ba giris ba ne. Curin a sama yake, su a ƙasa suke. Na kalle su ban gan su ba."

Na waiga. Direbobin tirela suna can suna shan shayi, masu ɗaura kaya suna neman sarƙoƙinsu. Ba wanda ya gani. Na ce, "Mijin Yaya, abin ai mai sauƙi ne. Ciro katin nan ka sa sabo, ka rubuta ka samu igiya ta lalace. Kai ne fa ka gano ta. Wa ya san da wane hannu?"

"Tsumma ne ya gano ta. Da giris bai taru ba fa?"

"To ai ya taru."

"Yau ya taru." Ya cire katin daga ƙusa, ya riƙe shi yadda yake. "Gammon farko kai ne za ka tsaya kusa da shi. In koma gida in ce wa yayarka me?"

Ya nufi ofis da katin a hannu ɗaya, tsumman a ɗaya. Na bi shi.

Manajanmu ba mugun mutum ba ne, sai dai tirela huɗu a ƙofa sukan ɗaga masa hankali. A ofishin akwai Injiniya, wata matashiya da ta shekara biyu tana kula da injinan kamfani, mai ce wa Tsaya Baba.

"Yallaɓai, ta tsakiya ba za ta yi aiki ba sai an canza igiya. Awa biyar. A sauke kayan da ta ɗaya."

"Ta ɗaya ai tafiyar hawainiya take yi! Ba yanzu na ji an ce ka sa hannu ba?"

"Na sa. Ga shi. Na sa hannu a kan igiya mai sili biyar a karye, don ban gan su ba. Idona ne."

Manaja ya kalli katin, ya kalli Injiniya, ya shafa ƙeya.

Aka canza igiya a awa huɗu da minti hamsin. Ta ɗaya ta sauke gammo bakwai, ni na ƙarasa biyar da yamma. Kafin a tashi Manaja ya kira shi ofis.

"Baba Tsaya, na gode da ka faɗa da bakinka. Amma ka san ba zan iya yin kamar ban ji ba. Daga wata mai zuwa ka koma ɗakin kayan aiki. Ga kujera, ga fanka, albashinka yana nan yadda yake."

Wani zai ce an yi masa gata. Ni da na san shi na ga yadda hannunsa ya je wuyan riga, wurin zaren makulli. Ɗakin kayan aiki ba shi da taga. Aikin wurin shi ne ka miƙa sifana ka karɓi sifana.

Injiniya ta ce, "Yallaɓai, a ba ni zuwa Juma'a. Ba mu da wanda ya san kukan waɗannan ƙugiyoyi kamarsa. Zan yanko tsofaffin igiyoyi uku, in ƙirga karyayyun silinsu da gilashin ƙara girma, in rufe adadin a ambulan in ba ka. Ya zo ya ƙirga. In ya yi daidai da nawa, ya ci gaba da hawa. In ya rasa ko ɗaya, ni da kaina zan kai masa kujerar."

"Ko ɗaya?" in ji Manaja.

"Ko ɗaya," in ji Tsaya, kafin ta amsa.

Da yamma na bi shi gida, don na san ba zai iya ba Yaya labarin yadda ya kamata ba. Na ba ta da kaina, da lambobi. Ta gama ji ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito da abinci ta ajiye masa, ta ajiye tabarau a gefen kwano kamar cokali.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya goge shi da gefen riga ya sa. Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi agogon bango, ya juyo ya dubi Yaya da ke zaune kusa da shi.

"Ashe kin yi furfura?"

"Shekara uku ke nan, Malam. Sannu da zuwa."

"Ta yi miki kyau."

"A'a, cire abin nan in haka za ka fara."

Auta ta yi dariya har ta ƙware. Ni ma na ce, "Yanzu dai za ka ga irin kyan da ka aura daga gidanmu." Ya ce, "Na gani. Na kuma ga kai ba ka samu ba."

Daga Talata zuwa Alhamis tsohuwar igiyar da aka cire ta koma tsakar gidansu, ya ɗaure guntunta tsakanin ƙarfen lilo da tagar kicin. Bai tsaya a tabarau kawai ba. Ya ce ido ya yaudare shi sau ɗaya, ba zai sake barinsa ya yi aiki shi kaɗai ba. Ya shiga gwada tsumma. Kala bakwai na ƙirga. Tawul ya yi kauri, yana maƙalewa ko a lafiyayyen wuri. Yadi mai santsi yana zamewa ya wuce ta kan karyayyen sili bai ce komai ba. Buhu yana yagewa. Wanda ya ci shi ne tsohuwar singileti ta auduga, wadda ta sha wanki ta yi laushi: a lafiyayyen wuri tana tafiya sumul, a karyayye takan cije, ta bar zare a kai kamar tuta.

"Singiletinka uku ka yanka," in ji Yaya ranar Laraba. "Ka taɓa zanina ka ga."

"Zaninki santsi ne da shi, ba ya aiki."

"Au, har ka gwada?"

Ya ci gaba da shafar igiyarsa.

Ya kuma gano wani abu. Sili in ya karye, kansa gefe ɗaya yake kwantawa. Ka shafo ta inda ya kwanta, tsumma ya wuce. Sai ka juyo ta ɗaya gefen zai kama. Don haka kowane wuri sau biyu yake binsa, gaba da baya, da safar hannu mai kauri, igiya a tsaye ba ta motsi.

Ranar Juma'a ƙarfe goma Injiniya ta jera igiyoyi uku a kan benci a bayan ɗakin walda, kowace mita huɗu, baƙaƙe wuluk da tsohon giris. Manaja ya zo da ambulan a aljihun gaba. Mutum goma sha tara suka bar aikinsu suka zo kallo, har da mai gadi.

Tsaya ya sa tabarau, ya sa safar hannu, ya ninka singileti gida huɗu. Ta farko, tsumma ya cije sau uku. Duk inda ya cije sai ya goge, ya duba da ido, ya ɗiga alli. "Uku." Minti tara.

Ta biyu ya bi ta gaba, ya bi ta baya, ba abin da ya kama. Ya sake bi. Wani daga cikin masu ɗaura kaya ya ce, "Baba, ko singiletin ce ta gaji?" Bai kula shi ba. Ya lanƙwasa igiyar a gwiwa, taƙi bayan taƙi, yana kallon tsakanin tufka. "Wannan ba ta da komai. 'Yata, tarko kika ɗana mini." Injiniya ta kau da kai tana danne dariya.

Ta uku ce ta ci lokaci. Alli ya hau wuri bakwai. Ya miƙe, ya cire safar hannu ɗaya. Manaja ya kai hannu aljihu.

"Tsaya, Yallaɓai."

Kamu ɗayan ƙarshe, wanda ya hau kan bakin benci, sau ɗaya ya bi shi. Ya mayar da safar, ya jawo igiyar, ya shafo daga ƙarshe zuwa ciki. Tsumman ya cije. Ya goge, ya sunkuya, ya ɗiga alli.

"Takwas."

Manaja ya yage ambulan. Uku, babu, takwas. Minti talatin da huɗu gaba ɗaya. Mai gadi ne ya fara tafi, shi da bai san me ake ƙirgawa ba.

Ba haka kawai aka bar shi ba, kuma shi ma bai so a bar shi haka ba. Duk wata shida zai koma a auna idon. Katin igiya yanzu hannu biyu ake sa masa, nasa da na Injiniya. Shi ya ƙara sharaɗi na uku da bakinsa: ranar da ƙirgarsa da tata suka saɓa, ba sai an kira shi ofis ba, zai cire zaren makullin daga wuya ya miƙa mata. Manaja ya ce ya ji. An yi wata takwas yanzu ba su saɓa ba.

Tabarau ya samu nasa zaren, don kada ya faɗo daga sama. Yanzu yana karanta saƙon waya da kansa, har yana gyara wa Auta rubutu. Injiniya ta sa an ajiye kwali a gindin kowane tsani, ma'aikata suna jefa tsofaffin singiletinsu a wanke. Jiya na leƙa na tsakiya na samu ashirin da uku. Yaya ta ce aƙalla na gida sun tsira.

Kai ma akwai wayar da kake dogara da ita ba ka taɓa dubawa ba: ta birkin keke, ta kulocin babur, ko wadda ake shanya a kai. Gobe da safe, kafin ka fita, nemi tsohuwar singileti ta auduga ka ninka ta gida huɗu. Kada ka sa hannu tsirara, sili yana huda yatsa. Ka kama wayar da tsumman ka shafo sannu a hankali, sau ɗaya gaba, sau ɗaya baya. Minti biyu ya ishe ka. In ya cije, kada ka hau sai ka canza ta. Don Allah ka gwada.